Goro, Shayi da Gahawa Sinadari Ɗaya Ne, Ya Kamata Mu San Lissafinsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan sinadarin kafeyin, wanda kusan kowane baligi a ƙasar Hausa yake sha ko yake taunawa kullum, amma kaɗan ne suka san sunansa, balle su san adadin da ke shiga jikinsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a majalisu da shafukan sada zumunta, wai gahawa abin Turawa ce mai lalata zuciya, goro kuwa na gargajiya ne, saboda haka ba ya cutar da kowa. Wasu kuma sun juya zancen, suna cewa gahawa maganin kowace cuta ce. Duk ɓangarorin biyu sun bar ainihin batun, domin abin da ke kore barci a goro shi ne dai yake kore shi a gahawa da shayi da lemon kwalba mai baƙin ruwa da abin shan ƙara kuzari na gwangwani, har da wasu ƙwayoyin ciwon kai. Jiki ba ya tambayar ta wace ƙofa sinadarin ya shigo, jimilla kawai ya sani.

Zan fara da tsiron kansa, domin wanda ya fahimci dalilin da ya sa bishiya take haɗa wannan sinadari ba zai yi mamakin abin da yake yi wa ɗan'adam ba. Akwai nau'o'in tsirrai kimanin 60 da aka san suna ɗauke da kafeyin, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da yake yin sa domin ya faranta wa mai sha. Makami ne. Tsiro ba ya iya gudu idan ƙwaro ya sauka a kansa, saboda haka sai ya tara abu mai ɗaci da guba a wuraren da suka fi masa daraja kuma suka fi rauni, wato sabon toho da ɗanyen ganye da ƙwayar iri. A shekarar 1984 wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, James Nathanson, ya nuna cewa idan aka gauraya garin ganyen shayi ko na ƙwayar gahawa a abincin tsutsar da ke cin ganyen taba, takan rage ci, girmanta ya tsaya, idan kuma adadin ya yi yawa ta mutu. Aikin bai tsaya ga ƙwari ba. Ganyen gahawa da 'ya'yanta da suka faɗo suna sakin kafeyin a cikin ƙasar da ke gindin bishiyar, shi kuma ya hana irin wasu tsirrai tsirowa, ta haka bishiyar take rage masu yi mata kishiya wajen ruwa da taki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda bishiyar take sarrafa adadin. A ganye da ƙwaya tana zuba shi da yawa don ta kori maƙiyi, amma a ruwan zaƙin da ke cikin furenta ɗan kaɗan ƙwarai take sakawa, wanda bai kai ƙudan zuma su guje shi saboda ɗaci ba. A shekarar 2013 Geraldine Wright da abokan aikinta a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka wallafa binciken da ya nuna cewa ƙudan zumar da suka sha ruwan sukari mai ɗan kafeyin sun ninka sauran sau uku wajen tuna ƙamshin da aka koya musu bayan awa 24. Ke nan za su sake komowa ga irin furen nan, su kwashi garinsa su kai wa wani, bishiya ta samu 'ya'ya. Furen wasu lemuka ma yana yin wannan dabara. To, ga sinadari guda a jikin bishiya guda, yana kisa a ganye yana kuma jawo baƙo a fure, kuma babu abin da ya bambanta su sai yawansa.

Tsirran da ke yin kafeyin ba dangin juna ba ne. Gahawa tana cikin babban gidan da masana suke kira Rubiaceae, gida ɗaya da gauɗe da tafashiya da giyayya da muke gani a dazuzzuka da fadamun ƙasarmu, da kuma bishiyar sinkona ta Kudancin Amurka wadda daga ɓawonta aka samo kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro. Goro kuwa yana gidan Malvaceae, tare da koko da kuka da rimi da auduga da kuɓewa da rama. Shayi nasa gidan daban ne a Asiya, haka ma gwarana ta dajin Amazon a Brazil, wadda ƙwayarta ta fi ta gahawa yawan kafeyin, ita ce kuma ake yawan ganin sunanta a jikin gwangwanayen ƙara kuzari. Da aka karanta kundin halittar gahawa nau'in robusta a shekarar 2014, sai aka ga cewa hanyar da ta bi ta kai ga haɗa kafeyin daban take da ta shayi da ta koko, kowannensu shi kaɗai ya lalubo abin. Su kansu masanan farko sun ɗan ruɗe a nan, domin Bajamushe Friedlieb Runge ya ware sinadarin daga gahawa a 1819, wani Bafaranshe kuma ya ware irinsa daga shayi a 1827 ya raɗa masa wani suna, sai bayan shekaru aka tabbatar abu ɗaya ne. Shi kuwa namijin goro bai haɗa dangi da goro ba sam, kuma ba a lissafa shi cikin manyan tsirran kafeyin.

Duk da haka akwai ƙwarin da suka fi ƙarfin makamin. Babban maƙiyin manoman gahawa a duniya wani ɗan baƙin ƙwaro ne da bai wuce milimita 2 ba, ɗan asalin Afirka, wanda yake huda ɗan gahawa ya yi ƙwai a cikin ƙwayar, 'ya'yansa su tashi ba su da abinci sai ita. A 2015 aka gano cewa wasu ƙananan halittu ne a hanjinsa suke narkar masa da kafeyin, kuma da aka kashe su da magani sai ya kasa. Dillalin goro a kasuwar Mariri ta Kano ya san irin wannan taƙaddama a nasa fagen, shi ya sa za ka gan shi ya kwance huhu yana bin goro ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana fitar da wanda sankara ta taɓa, ya canza ganye ya yayyafa ruwa sannan ya sake ɗaurewa.

Maganar cewa gahawa abin Turawa ce kuwa, babu abin da ya fi ta nisa da gaskiya. Gahawa 'yar Afirka ce. Akwai nau'o'inta fiye da 120 a daji, mafi yawansu a nahiyar nan da tsibirin Madagaska, amma biyu ne suka riƙe kasuwar duniya. Arabika ta fito daga dazuzzukan kan tudu na kudu maso yammacin Habasha, wajen yankin Kafa, robusta kuma daga dazuzzukan kurmi na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tun daga Gini har zuwa Yuganda. Akwai ta uku, liberika, wadda ta samo sunanta daga Laberiya, sai dai rabonta a kasuwa ƙalilan ne. Arabika kanta ruwa biyu ce, domin ta samu ne daga haɗuwar robusta da wani nau'in daji mai suna eugenioides tun kafin ɗan'adam ya fara noma, shi ya sa take da kuromosom, wato ƙunshin gadon halitta, guda 44 alhali sauran suna da 22. Tana iya yin barbara da garin furenta na kanta, ita kuwa robusta sai ƙwaro ko iska sun kawo mata na wata bishiya. Arabika tana son tudu mai tsawon mita 1,000 zuwa 2,000 da sanyi mai kimanin digiri 18 zuwa 22, robusta kuma tana jure zafi da laima na ƙasa-ƙasa, inda ƙwari da cututtuka suka fi yawa. Kafeyin na ƙwayar arabika kimanin kashi 1.2 cikin ɗari ne na nauyinta, na robusta kuwa ya kai kusan kashi 2.2. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin garin gahawar nan na gwangwani ko na 'yar leda da mai shayi yake zubawa a kofi, mafi yawansa daga robusta ake yin sa.

Wanda ya tsaya kusa da bishiyar zai ga ganye kore shar mai sheƙi, biyu-biyu suna fuskantar juna a jikin reshe. Ba ta fara ba da 'ya'ya sai ta shekara uku ko huɗu, kuma manoma suna datse ta a kusan mita biyu don hannu ya kai. Idan rani ya ɗan gasa ta sannan ruwan farko ya sauka, cikin 'yan kwanaki sai rassan su cika da farin fure mai ƙamshi, wanda ba ya wuce kwana biyu ko uku ya zube. Daga nan ɗan arabika yakan ɗauki wata bakwai zuwa tara kafin ya nuna, na robusta ya fi haka, yana tashi daga kore zuwa rawaya zuwa ja. Idan ka matse nunanne a tsakanin yatsu biyu, jar fatar za ta fashe, wani siririn tsoka mai yauƙi da zaƙi ya fito, a cikinsa ƙwaya biyu da suka haɗa ciki, kowace a cikin ɓawonta mai kauri-kauri da wata siririyar riga mai ruwan azurfa. Ɗanyar ƙwayar launinta kore-kore ne, warinta na ciyawa, babu ƙamshin gahawa ko kaɗan a tare da ita. Suya a wuta mai zafin da ya haura digiri 200 ita ce take kawo launi da ƙamshi, amma kafeyin ba ya ƙonewa sosai a wannan zafi. Saboda haka baƙar gahawa mai tsananin ɗaci ba lallai ne ta fi mai sauƙin suya ƙarfi ba, kuma harshe ba zai iya gaya wa mutum adadin da ya sha ba.

Shaidar farko tabbatacciya ta shan gahawa daga Yaman ta fito, a ƙarni na 15, inda Sufaye suke shan ta domin su raya dare da zikiri. Daga can ta isa Makka da Alƙahira da Istanbul, har a shekarar 1511 wani babban jami'in daular Mamluk a Makka, Kha'ir Beg, ya hana shan ta, hanin da bai daɗe ba. Turawa sun zo ne daga baya. 'Yan Holan suka dasa ta a tsibirin Java a ƙarshen ƙarni na 17, suka kai wata bishiya lambun Amsterdam a 1706, suka ba Sarkin Faransa Louis na 14 tsatsonta a 1714, daga nan ta ƙetara zuwa tsibirin Martinik, ta kuma shiga Brazil a 1727. Illar wannan tafiya ita ce gonakin arabika na duniya kusan duk daga 'yan bishiyoyi ƙalilan suka fito, gadonsu iri ɗaya, rauninsu ma iri ɗaya. Da cutar tsatsar ganye ta ɓulla a Silon, wato Siri Lanka ta yau, a 1869, ta share gonakin tsibirin cikin kimanin shekara ashirin, dole masu gonakin suka koma noman shayi. Ita ce kuma ta sake yi wa manoman Amurka ta Tsakiya ɓarna tun daga 2012.

Maganin wannan rauni yana cikin dazuzzukan Afirka, inda nau'o'in daji suke da gadon da zai iya jure cuta da zafi, amma masanan lambun Kew na Landan sun bayyana a 2019 cewa kashi 60 cikin ɗari na waɗannan nau'o'i suna fuskantar barazanar ƙarewa. A 2018 aka sake gano wani nau'i mai suna stenophylla a dajin Saliyo bayan shekaru da dama ba a gan shi ba, yana da ɗanɗano kusa da na arabika, yana kuma jure zafin da ita ba ta iya jurewa. A Kamaru akwai wani, charrieriana, wanda ƙwayarsa ba ta da kafeyin tun asali. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan noma, domin ana shuka arabika da shayi a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, kuma Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya da ke Ibadan ita ce aka ɗora wa binciken gahawa da shayi da goro gaba ɗaya. Brazil da Biyetnam ne ke kan gaba a noman gahawa a duniya, Habasha kuma a Afirka, kuma Habashawa suna shanye kusan rabin abin da suka noma, abin da duk wanda ya zauna da 'yan'uwanmu na Sudan ya ga yadda ake dafa jabana, wato gahawarsu, da citta ba zai yi mamakinsa ba.

Namu abin dai goro ne. Shi ma ba ya fitowa a ƙasar Hausa, amma fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga a Gana ta yau domin su ɗauko shi, kuma ya shiga ɗaurin aure da suna da gaisuwar manya har ba ma ganinsa a matsayin abu mai aiki a jiki. Alhali busasshen goro yana ɗauke da kafeyin kimanin kashi 2 cikin ɗari, wani lokaci ya haura, wato ya fi arabika. Ruwan goro yana cikin abin da John Pemberton ya haɗa Coca-Cola da shi a Atlanta a 1886. Idan goro mai nauyin giram 10 rabinsa ruwa ne, sauran giram 5 ɗin za su ba da kusan miligiram 100, wanda ya yi daidai da kofin gahawa guda. Bambancin shi ne mai goro yana gutsura a hankali, ba ya kurɓe shi a lokaci ɗaya, don haka ba ya jin bugun nan na farat ɗaya, sai ya ɗauka babu komai.

Yadda sinadarin yake aiki a jiki ba shi da wuyar fahimta. Muddin mutum yana farke, ƙwaƙwalwarsa tana tara wani sinadari mai suna adenosin, wanda aikinsa shi ne ya isar da saƙon gajiya, ya rage kuzarin jijiyoyi har barci ya zo. Kafeyin ya yi kama da shi a siffa, saboda haka sai ya je ya tare gurbin da adenosin yake zama. Misalinsa kamar mutumin da ya tsaya a bakin zaure ya hana 'yan aike shiga wurin maigida: saƙon bai ɓace ba, 'yan aiken ma ƙaruwa suke yi a waje, da zarar ya kauce kuwa sai su afka gaba ɗaya. Ke nan kafeyin ba ya ba da ƙarfi, gajiya yake ɓoyewa. Yakan kai ƙololuwarsa a jini cikin minti 30 zuwa 60, sannan hanta ta shiga aikin narkar da shi, kuma a jikin baligi mai lafiya ana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya fita. Wanda ya sha miligiram 200 bayan la'asar zai kwanta bayan isha'i da kusan rabi a jininsa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda.

Wannan awa biyar ɗin ba ta kowa ba ce. Hantar wasu tana da sauri ta wasu tana da nawa, gado ne, shi ya sa wani zai tauna goro da dare ya yi minshari, wani kuma shayin yamma ya hana shi runtsawa. Shan taba yana hanzarta fitarsa. Ƙwayoyin tazarar haihuwa suna kusan ninka lokacin. Maganin Ciprofloxacin, wanda ake yawan bayarwa idan an ce mutum yana da taifot, yana hana hanta narkar da kafeyin yadda ta saba, sai majinyaci ya ji gabansa yana faɗuwa, hannunsa yana rawa, ya ɗauka cutar ce ta ƙaru. A watannin ƙarshe na ciki kuwa lokacin yakan kai awa 15, kuma sinadarin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan da hantarsa ba ta da ikon narkar da shi tukuna.

Ga ma'aunin da hukumomi suka bayar. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 miligiram 400 a yini ba abin damuwa ba ne ga baligi mai lafiya, muddin bai wuce 200 a zama ɗaya ba, mai ciki kuma kada ta haura 200 a yini, yaro kuma miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai cikin da ke shan fiye da 300 a yini da ta rage, saboda haɗarin ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. Kofin gahawar da aka dafa yana da kimanin miligiram 95, na gari kimanin 60, kofin baƙin shayi kusan 50, ƙaramin gwangwanin Red Bull 80, gwangwanin Coca-Cola 30 da 'yan kai, ƙwayar Panadol Extra guda 65. To, a ɗauki direban dogon zango da ya karya da shayi mai kauri aka zuba masa cokalin gahawa a ciki, ya tauna goro biyu a hanya, ya sha gwangwanin ƙara kuzari guda da rana, da kansa ya fara sarawa kuma ya tsaya a kemis ya haɗiyi ƙwaya biyu. Ya haura miligiram 500, kuma da za a tambaye shi zai rantse shi ba mashayin gahawa ba ne. Haɗarinsa ba a zuciya kaɗai yake ba, domin bashin barcin da ya tara yana nan, kuma yakan zo karɓa ne a kan titi, cikin gyangyaɗin daƙiƙa biyu ko uku. Haka samarin da ke zagaye butar shayi a kan gawayi har tsakar dare, suna tafasa ganye ɗaya sau uku da sukari mai yawa, kofunan ƙanana ne amma abin da ke cikinsu ba ƙarami ba ne.

Wanda ya wuce ƙima zai ga alamu: bugun zuciya, rawar hannu, fargaba marar dalili, yawan fitsari da ƙwannafi. Kafeyin yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, musamman ga wanda bai saba ba, don haka mai hawan jini da mai matsalar bugun zuciya su tambayi likitansu, kuma su ambaci goro a cikin tambayar. Kisa kuwa sai an kai wajen giram 10, abin da da wuya a kai ta hanyar kofi, amma yana da sauƙi ta hanyar tsantsar garin kafeyin da ƙwayoyinsa. Wanda kuma ya saba sannan ya bari kwatsam, cikin awa 12 zuwa 24 zai ji ciwon kai da kasala da saurin fushi, abin da kan ɗauki kwana biyu zuwa tara. Wannan na daga cikin dalilan ciwon kan da ke addabar masu goro da shayi a kwanakin farko na azumi, kuma rage adadin a hankali tun daga tsakiyar Sha'aban ya fi a cika ciki da shayi mai kauri a lokacin sahur.

Adalci ne kuma a faɗi cewa wasu laifuffukan da ake ɗora wa kafeyin ba nasa ba ne. Sukarin da madarar da ake lafta wa shayi da lemon kwalba su ne abin tsoro ga mai ciwon suga. Abin da ke hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci idan an sha shayi a kan tuwo ko wake wasu sinadarai ne masu bauri da ke cikin ganyen, saboda haka mace mai ƙarancin jini ta ba da tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gahawa cikin abubuwan da ake zargi a 1991, ta kuma cire ta a 2016, amma a wannan zama ta yi gargaɗi a kan duk abin sha da zafinsa ya haura digiri 65, saboda ciwon dajin maƙoshi. Mu da muke son shayi yana turiri ya kamata mu ji wannan.

Amfaninsa ma gaskiya ne, sai dai a faɗe shi da ƙima. Manyan bincike da suka bi dubban mutane shekara da shekaru sun ga cewa masu shan gahawa daidai-wa-daida sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon suga na manya da cutar makyarkyata ta Parkinson da wasu cututtukan hanta. Amma irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da sababi, kuma a batun ciwon suga an ga alaƙar har a gahawar da aka cire wa kafeyin, wanda ke nuna cewa wasu sinadaran ƙwayar suna da hannu. Ba hujja ba ce ta a ce wa wanda ba ya sha ya fara, ba kuma za a ɗauki sakamakon gahawa a jingina wa goro ko gwangwanin ƙara kuzari ba. Inda amfanin ya tabbata ba tare da jayayya ba shi ne ɗakin bakwaini a asibiti. Jaririn da aka haifa kafin lokaci yakan riƙa ɗauke numfashi, kuma kafeyin da likita ya auna shi ne maganin da ake ba shi ya farkar da cibiyar numfashinsa, har yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Roƙona ga hukumar NAFDAC shi ne ta tabbata an rubuta adadin kafeyin da lambobi manya a jikin kowane gwangwani da kowace leda, tare da gargaɗi ga yara da masu ciki cikin harsunan da jama'a suke karantawa, har da Hausa, domin yaro ɗan firamare mai kilo 25 ƙimarsa miligiram 75 ce, gwangwanin ƙara kuzari guda ya riga ya wuce ta. Ina kuma roƙon ungozomomi da ma'aikatan jinya da ke awon ciki su sauya yadda suke tambaya. Idan aka tambayi matar karkara ko tana shan gahawa za ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa, amma mata da yawa suna riƙe goro a baki saboda tashin zuciyar laulayi. A tambaye ta goro nawa take ci a yini, da kofin shayi nawa, da irin ƙwayar da take saya idan kanta ya yi ciwo, sannan a haɗa mata lissafin.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Kano.